Tambayar dalilin barin aiki: Yadda ake amsa ta a wurin intabiyu

A cikin tambayoyin da ake yi wa mai neman aiki idan ya zauna gaban kwamitin tantancewa, akwai guda ɗaya da ba safai ake tashi ba a yi ta ba: me ya sa kake son barin inda kake aiki yanzu?

Idan kuwa mutum ya riga ya bari, sai a juya ta a ce: me ya raba ka da wurin aikinka na baya?

Tambayar gajera ce, amma ta sha kayar da mutanen da takardunsu ba su da makusa. Dalili kuwa shi ne tana taɓo wurin da ke yi wa mutum ciwo: albashin da aka riƙe masa, ƙarin girman da aka tsallake shi aka bai wa na bayansa, ko shugaban da ya hana shi sakat.

Wanda bai shirya mata tun daga gida ba yakan faɗa ɗaya daga cikin ramuka biyu. Ko dai ya buɗe baki ya zazzage duk abin da ke cikinsa, ko kuma ya ƙirƙiro wani dalili mai daɗin ji wanda bincike na minti biyar zai rushe.

Abin da kwamitin ke son ji

Galibi masu ɗaukar aiki ba su damu ƙwarai da tarihin wancan kamfani ba. Abin da ke gabansu shi ne su hango yadda mutumin zai kasance idan ya zama nasu.

Suna son su san ko abin da ya kore shi daga can yana nan a wajensu. Wanda ya ce ya gaji da aikin dare, alhali gurbin da ake talla na asibiti ne ko na gidan rediyo inda ake karɓa-karɓa, ya ba da amsar da za ta fitar da shi da kansa.

Suna kuma son su san ko zai daɗe. Ɗaukar ma'aikaci na cin kuɗi da lokaci, tun daga talla da tantancewa har zuwa watannin da zai yi yana koyon yadda ake tafiyar da wurin. Saboda haka takardar tarihin karatu da aiki, wadda aka fi sani da CV, da ta nuna wurare huɗu cikin shekara uku takan jawo tambayar tun kafin mai ita ya gyara zama.

Abu na uku shi ne halayya. Kwamitin na sauraren yadda mutum ke maganar waɗanda ba sa wurin, domin ya san wata rana shi ma haka za a yi maganarsa a wani ɗakin.

Akwai kuma batun riƙon amana. Ma'aikacin banki ko akawun da ya fara bayyana halin da asusun kamfaninsa ke ciki don ya nuna dalilin gudunsa ya nuna wa masu sauraro abin da zai yi da nasu sirrin.

Bayani daban, ƙorafi daban

Shawarar da aka fi ji ita ce kada a soki wurin aiki na baya. Shawara ce mai kyau, amma mutane da dama sukan fahimce ta a matsayin umarnin a ɓoye gaskiya, har ka ji wanda ya yi wata biyar ba albashi yana cewa sabon ƙalubale kawai yake nema.

Abin da ya kamata a rarrabe shi ne bayani da ƙorafi.

Bayani shi ne abin da ya faru, wanda kowa zai iya tabbatarwa: an rufe reshen, kwantiragin ya ƙare, an yi wata kaza ba a biya ba, an ɗauke sashen daga Kano zuwa Legas. Ƙorafi shi ne hukuncin da mai magana ya yanke a kan mutane: manajan azzalumi ne, masu kamfanin ba su da tausayi, sai wanda ya san wani ake ɗagawa.

Na farko ba ya cutar da mai neman aiki. Na biyu, ko da gaskiya ne, kwamitin ba shi da hanyar jin ta bakin ɗaya ɓangaren, don haka abin da zai rage a ransa shi ne zafin da mai maganar ya nuna.

Masana halayyar ɗan Adam sun yi nazari a kan wannan. A wani bincike da John Skowronski da abokan aikinsa suka wallafa a Amurka a 1998, an gano cewa mai sauraro yakan jingina wa mai magana halin da ya siffanta wani da shi, ba tare da ya lura yana yin hakan ba. Wato wanda ya ce tsohon shugabansa maƙetaci ne, wani abu na ƙetar zai maƙale a jikin sunansa a zuciyar wanda ya ji.

Hausawa ba su jira wannan bincike ba kafin su ce baki shi kan yanka wuya.

Ga wanda matsalarsa ta haƙiƙa shugaba ce, mafita ita ce ya nemo abin da rashin jituwar ta hana shi, ya faɗi wannan. Idan shugaban ba ya barin kowa ya yanke shawara, abin da ma'aikacin ya rasa shi ne damar ɗaukar nauyi. Yana iya cewa: "Ranka ya daɗe, na yi shekara huɗu ina aiki iri ɗaya, kuma tsarin wurin bai ba da damar mutum ya riƙe aiki daga farko har ƙarshe ba. Na ga wannan gurbi ya ƙunshi kula da sashe ɗungurungum, shi ya sa na nema."

Babu ƙarya a cikin wannan amsa, kuma babu sunan kowa.

Amsa mai kyau ba ta wuce jimla uku ko huɗu ba. Takan fara da abin da mutum ya samu a wurin da yake, ta faɗi dalili guda ɗaya, sannan ta ƙare a kan aikin da ake nema. Wanda ya jero dalilai biyar ya buɗe ƙofofi biyar da za a bi a ci gaba da tono shi.

Yana da kyau kuma a guji kalmomin da aka haddace daga intanet. Kwamitin da ya ga mutum ashirin a yini ɗaya ya ji "ina neman ci gaba" sau goma sha biyar. Wanda ya ce yana neman ci gaba, to ya faɗi wane iri: koyon wata na'ura, jagorantar mutane, ko komawa fannin da ya karanta.

Batun kuɗi

A nan ne shawarwarin da ake kwasowa daga littattafan Turai da Amurka ke buƙatar gyara kafin a yi aiki da su a Najeriya.

Yawancinsu suna cewa kada a ambaci albashi ko kaɗan a matsayin dalilin barin aiki. Amma ko a Amurka, kuɗi ne kan gaba a zahiri. A 2021 mutane fiye da miliyan 47 suka ajiye ayyukansu a ƙasar, kuma a farkon 2022 cibiyar bincike ta Pew ta tambayi waɗanda suka bar aiki a 2021 dalilansu. Kashi 63 cikin 100 sun ambaci ƙarancin albashi, kashi 63 sun ambaci rashin hanyar ƙarin girma, kashi 57 kuma sun ce ba a mutunta su a wurin aikin.

Masu ɗaukar aiki sun san da haka. Abin da suke gudu shi ne mutumin da kuɗi ne kaɗai dalilinsa, domin duk ranar da wani ya ɗora masa 'yan dubbai a kai zai tattara ya tafi.

Akwai bambanci babba tsakanin albashin da ya yi kaɗan da albashin da ba a biya ba.

Rashin biyan albashi ba baƙon abu ba ne a Najeriya. A 2015 jihohi da yawa sun tara bashin albashi na watanni, har gwamnatin tarayya ta ba su tallafi na musamman don su biya. A makarantu masu zaman kansu da ƙananan kamfanoni kuwa, jinkirin wata biyu ko uku abu ne da ma'aikata da dama suka sani da jikinsu.

Wanda wannan ne dalilinsa ba shi da abin jin kunya, kuma ba ya buƙatar ya rufe shi da wani zance. Abin da ake so shi ne ya faɗe shi kamar mai karanta rahoto: "Makarantar ta shiga matsalar kuɗi, yau wata huɗu ke nan ba a biya albashi ba. Na ci gaba da koyarwa har ɗalibaina suka rubuta jarrabawa, amma ina da iyali, dole in nemi wurin da ke da tabbas."

Wannan amsa ta nuna haƙuri da sanin ya kamata. Da zai ƙara da cewa mai makarantar ya sayi sabuwar mota a daidai lokacin, da ya koma ƙorafi, ko da kuwa kowa a unguwar ya ga motar.

Ƙarancin albashi ya fi wuyar faɗa. Bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga watan Mayun 2023, farashin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, sannan hauhawar farashin kaya ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa naira 70,000 a watan Yulin 2024, amma ma'aikata da yawa sun ga kuɗin mota kaɗai ya cinye kaso mai tsoka na abin da suke samu.

Babu mai ɗaukar aikin da bai san wannan hali ba. Duk da haka ya fi kyau kuɗi ya zo a matsayin dalili na biyu, a haɗe da nauyin aiki. Wanda ya ce ayyukan da yake riƙe da su sun ninka cikin shekara uku alhali matsayinsa da albashinsa na nan inda suke, ya faɗi batun kuɗi kuma ya tallata kansa a lokaci guda.

Daga nan sau da yawa sai a tambayi nawa ake biyansa yanzu. A wasu ƙasashe an fara hana wannan tambaya: jihar Massachusetts ta Amurka ta yi dokar hana ta a 2016, Tarayyar Turai ma ta sanya haramcin cikin ƙa'idar bayyana albashi da ta amince da ita a 2023. Hujjarsu ita ce wanda aka taɓa biya ƙasa da ƙimarsa zai ci gaba da jan wannan rashi daga wuri zuwa wuri. A Najeriya tambayar na nan daram, kuma wasu kamfanoni sukan nemi takardar albashi ta watannin baya kafin su ba da tayi. Mutum na iya karkatar da zancen zuwa abin da yake sa ran a biya shi, amma ƙara wa adadin gishiri kasada ce.

Idan ba da son ransa ya bari ba

Wasu sun rasa aiki ne ba don laifin da suka yi ba, kuma tarihin ƙasar cike yake da irin wannan.

Lokacin da Babban Bankin Najeriya ƙarƙashin Charles Soludo ya ɗaga jarin da ake buƙata zuwa naira biliyan 25 a 2004, bankuna 89 sun koma 25 a ƙarshen 2005, kuma haɗewar ta bar ma'aikata da dama a waje. Masaƙun Kaduna sun rufe ɗaya bayan ɗaya a shekarun 2000. A watan Nuwamban 2013 aka miƙa kamfanonin wutar lantarki da suka fito daga PHCN ga 'yan kasuwa, aka sallami ma'aikata. A farkon 2025 kuma, dakatar da tallafin da Amurka ke bayarwa ta hukumar USAID ya tsayar da ayyukan ƙungiyoyin agaji da yawa, ciki har da na arewa maso gabashin Najeriya.

Wanda irin wannan guguwa ta rutsa da shi, amsarsa ce mafi sauƙi, muddin bai tsaya kame-kame ba. Ya faɗi abin da ya faru, ya nuna cewa ba shi kaɗai ba ne, ya wuce: "An rufe ofishinmu na Maiduguri bayan kuɗin shirin ya tsaya, mu duka ma'aikatan shirin aka sallama a wata ɗaya."

Dokar Ƙwadago ta Najeriya ma tana taimaka masa a nan. Sashe na 20, wanda ya yi magana a kan rage ma'aikata, ya ce a bi ƙa'idar wanda ya zo a ƙarshe shi zai fara fita, tare da la'akari da ƙwarewa da cancanta da riƙon amana. Ke nan wanda aka rage bayan shekara ɗaya da zuwansa na iya bayyana cewa yana cikin sababbin da ragin ya fara hawa kansu.

Masu aikin kwantiragi, da waɗanda suka gama bautar ƙasa ko wani shiri mai wa'adi irin N-Power, ba su da wani dogon bayani. Wa'adi ya cika. Abin da za a fi tambayarsu shi ne me ya sa ba a sabunta ba, ko me ya sa ba a riƙe su ba, don haka su shirya wa wannan.

Wanda aka kora

Wannan shi ne mafi nauyi, kuma a nan ne aka fi jarabtuwa da yin ƙarya.

Da farko ya kamata mutum ya koma ya karanta takardar da aka ba shi, domin a shari'a sallama da kora ba ɗaya ba ne. Sallama ita ce a kawo ƙarshen yarjejeniyar aiki bisa sharuɗɗanta, a ba da wa'adi ko a biya kuɗin da ke madadinsa. Kora kuwa hukunci ce a kan babban laifi, wadda galibi ke tafiya da asarar haƙƙoƙi da kuma tabo a suna. Mutane da yawa sukan ce an kore su alhali takardarsu ta sallama ce, sai su ɗora wa kansu nauyin da ba nasu ba.

Shekaru da dama tsarin shari'ar da Najeriya ta gada daga Ingila ya bai wa kamfani mai zaman kansa damar sallamar ma'aikaci ba tare da faɗin dalili ba, in dai ya cika sharaɗin wa'adi. Shi ya sa takardu da yawa ba sa cewa komai illa ba a ƙara buƙatar aikin mutum. Bayan gyaran tsarin mulki na 2010 da ya ƙarfafa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, kotun ta yanke hukunce-hukunce da suka karkata ga cewa sallama na buƙatar ingantaccen dalili, tana dogaro da ƙa'idojin ƙwadago na duniya, musamman Yarjejeniya ta 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta 1982.

Wanda takardarsa ba ta faɗi dalili ba yana iya faɗin abin da ke cikinta, ya ƙara da fahimtarsa a taƙaice. Idan abin da ya faru shi ne ya kasa kawo adadin kuɗin ajiya ko cinikin da aka ɗora masa, kamar yadda ya zama ruwan dare a bankuna da kamfanonin inshora, gara ya faɗa, ya nuna abin da ya cim ma da abin da ya koya. Masu ɗaukar aiki a waɗannan fannoni sun san yadda ake ɗora irin wannan adadi.

Wanda kuma laifi ya yi, kamar yawan makara ko sakaci da ya jawo asara, abin da ya fi masa shi ne ya amsa da bakinsa cikin jimla ɗaya, ya faɗi abin da ya gyara, kuma ya kawo shaidar gyaran: aikin da ya yi bayan nan, ko mutumin da zai tsaya masa. "Hajiya, gaskiya kuskure na yi a lissafin kaya, kuma ban sanar da wuri ba. Tun daga lokacin na yi kwas a kan kula da sito, kuma wanda na yi wa aiki shekara biyu da suka wuce a shirye yake ya ba da shaida." Ba kowane kwamiti zai karɓa ba. Amma wanda ya karɓa ya ɗauki mutumin ne da saninsa, ba abin da zai fito daga baya ya tayar da maganar.

A wasu fannonin ma ɓoyewar ba ta yiwuwa. Dokar bankuna ta Najeriya ta hana banki ɗaukar wanda aka taɓa kora ko sallama daga wani banki saboda zamba ko rashin gaskiya, kuma Babban Banki na riƙe da sunayen irin waɗannan mutane. A aikin gwamnati, takardun neman aiki sukan tambaya kai tsaye ko an taɓa korar mutum, kuma bayanin ƙarya a kansu dalili ne na sabuwar kora ko da an yi shekaru da kama aikin.

Akwai kuma wanda ya bari saboda an nemi ya sa hannu a abin da bai yarda da shi ba. Wannan abin yabo ne, amma ɗakin intabiyu ba wurin shigar da ƙara ba ne. Ya isa ya ce an samu saɓani a kan yadda ake tafiyar da wasu al'amuran kuɗi, ya ga ya fi dacewa ya janye. Idan aka matsa, yana da damar cewa ba zai so ya yi bayanin cikin gidan wani kamfani ba. Haka ma wanda ke da shari'a a kotu da tsohon wurin aikinsa: idan an tambaya ya amsa cewa akwai, ya bar wa kotu sauran.

Yadda ake bin diddigi

Masu cewa ramin ƙarya ƙurarre ne sun fi gaskiya a kasuwar aiki ta yau.

Hanya ta farko ita ce shaidar tsohon wurin aiki. Manyan kamfanoni da ƙungiyoyin agaji na ƙasa da ƙasa sukan rubuta wa sashen kula da ma'aikata na inda mutum ya baro, su tambayi ranar da ya fara, ranar da ya bari, da yadda aka rabu. A Birtaniya, tun hukuncin da kotun ƙolin ƙasar ta lokacin ta yanke a shari'ar Spring da kamfanin Guardian Assurance a 1994, mai ba da irin wannan shaida na iya fuskantar biyan diyya idan ya yi sakaci ya rubuta abin da ba daidai ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa kamfanoni da yawa ke taƙaita shaidarsu ga ranaku da matsayi.

A Jamhuriyar Nijar, kamar sauran ƙasashen da suka gaji tsarin ƙwadago na Faransa, doka ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya bai wa ma'aikacin da zai tafi takardar shaidar aiki, wadda ke nuna ranar shiga da ranar fita da irin aikin da ya riƙe. Sabon wurin aiki yakan nemi ganinta.

A Najeriya asusun fansho ma shaida ne. Tun dokar garambawul ta 2004, ma'aikaci na da asusu guda da ke bin sa duk inda ya koma, kuma a ƙarƙashin dokar 2014 mai ɗaukar aiki na zuba aƙalla kashi 10 cikin 100, ma'aikaci kuma kashi 8. Bayanin asusun na nuna wanda ya zuba kuɗi da watan da zubin ya tsaya. Wanda ya ce har yanzu yana aiki a wurin da ya bari wata takwas da suka wuce ya manta da wannan.

Sai kuma hanyar da ba ta cikin kowace takarda. A garuruwa irin Kano da Kaduna da Sakkwato da Maradi, masu sana'a ɗaya sun san juna. Mai yiwuwa ɗaya daga cikin 'yan kwamitin ajinsu ɗaya a jami'a da manajan da ake zagi, ko masallaci ɗaya suke salla.

Iyali, lafiya da tsaro

Dalilai na gida halal ne, kuma ba a buƙatar a baje su. Wanda ya dawo kusa da iyayensa da suka manyanta, ko matar da aka yi wa mijinta sauyin wurin aiki, ko malamin da ya baro wani ƙauye a Zamfara ko Borno saboda rashin tsaro, jimla ɗaya ta wadatar.

Abin da kwamitin ke son ji bayan wannan shi ne ko matsalar ta kau. Wanda ya bar aiki don jinya, nasa ko na wani, ya ce an samu sauƙi kuma a shirye yake ya koma aiki gadan-gadan. Ba dole ba ne ya faɗi sunan ciwon.

Mata sun fi fuskantar tambayar da ke zarcewa zuwa batun aure da haihuwa. Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ya ba mace hutun haihuwa na mako 12, ya kuma hana a ba ta takardar sallama tana cikin hutun. Amma a ɗakin intabiyu, mace da ta yi shekara biyu ko uku a gida tana reno za ta fi samun nasara idan ta faɗi hakan kai tsaye, sannan ta nuna abin da ta yi don kada hannunta ya mutu, ko da kwas ne na 'yan watanni ko aikin sa kai.

Yaushe za ka iya farawa?

Wannan ita ce tambayar da ke bin ta farko, kuma ci gabanta ce, domin yadda mutum zai bar wancan wuri na nuna yadda zai bar wannan.

Wanda ke riƙe da aiki ya ce gobe ma zai iya farawa yakan ɗauka ya nuna zumuɗi. Abin da kwamitin ya ji shi ne mutumin zai iya tafiya ba sallama.

Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya tsara mafi ƙarancin wa'adin da kowane ɓangare zai bayar: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku amma bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, sai wata ɗaya ga wanda ya kai shekara biyar ko fiye. Wa'adin da ya kai mako ɗaya dole ya kasance a rubuce, kuma ana iya biyan kuɗi a madadinsa.

Sai dai dokar ba ta haɗa da masu riƙe da muƙaman gudanarwa da ƙwararru ba. Su abin da ke cikin takardar kama aikinsu ne ke aiki a kansu, inda galibi ake samun wata ɗaya, ko wata uku ga manyan ma'aikata. Ya kamata mutum ya duba tasa kafin ranar intabiyu, ya faɗi wa'adin daidai, ya ƙara da cewa yana son ya miƙa aikin da ke hannunsa yadda ya kamata.

Idan kuma wurin da yake bai san yana neman wani aikin ba, yana da damar roƙon kwamitin kada a tuntuɓe su sai an ba shi tayi. Roƙo ne da aka saba ji, kuma yawanci ana mutunta shi. Takardar ajiye aiki kuwa ba a miƙa ta a kan alƙawarin baki ko kiran waya, sai takardar tayi mai ɗauke da albashi da ranar farawa ta zo hannu, an karanta, an sa hannu.